Firjin da Allah ya ba mu kyauta

Ni da nake sayar da motoci a unguwar Longsight a Ingila, ban taɓa yarda wani ya koya mini tattali ba. Hutun Kirsimeti ya zo, yayan matata da iyalinsa za su taho daga Birmingham, sai na sayo rabin rago na ce da hannuna zan gasa. Firji ya ƙi ɗauka.

"Baban Amira, mu kai gidan maƙwabta mana," in ji matata.

Na ce, "Hajiya, ƙanƙara ce a waje. Allah ya ba mu firji kyauta, ki ce in je roƙo?"

Na shafe naman da yaji da tafarnuwa, na rufe shi a roba, na ajiye a lambun baya. Ashe tun da hukumar gari ta rage kwashe shara, dila ya yi gida a layinmu. Da safe robar kawai na tarar, an lashe ta tas.

Baƙi suka ci shinkafa da kifin gwangwani, yayan matata yana ta tambayata sirrin gashin.

Har yau duk Disamba sai ya kira ni: "Alhaji, bana mu za ka ciyar ko dila?"