Cindo da Faifan da Ya Yi Nauyi

A garinmu, Tudun Maƙera, akwai gidan marigayiya Inna Tabawa. 'Ya'ya maza biyu ta bari. Ƙaramin shi ne Nafi'u, mai ɗaukar bidiyon biki da suna, yana tacewa a kwamfuta a shagon ƙofar gida. Babban kuwa shi ne Cindo, wanda Allah Ya ƙara masa yatsa Ya rage masa a wani wurin. Ni taubashiyarsu ce, don haka kada wani ya ce na yi masa sharri, haƙƙina nake ci. Cindo ya haura arba'in, ba ya ƙarya, ba ya ƙiwa. Cutarsa ɗaya ce: abin da ka faɗa shi zai yi, ba abin da kake nufi ba.

Da cikin kwamfutar ya cika, Nafi'u ya sayo faifan ajiya na biyu, ɗan baƙin abu kamar sabulun wanki. Igiyar da ya zo da ita gajera ce, sai ya jefa ta a kwali ya jona da wata doguwa da ya tsinta a shago. Can ya kwashe komai, har bidiyon sunan 'yarsa, wanda shi kaɗai ne Inna ta fito a ciki kafin rasuwarta. Ba a jima ba faifan ya fara tafiyar hawainiya. In amarya ta ɗaga ƙafa a bidiyo, sai ka ci tuwo ka wanke hannu ba ta sauke ba. Bidiyon Inna ko buɗuwa ba ya yi, in aka ce a kwafo shi sai ya cije. Ga kuma aikin bikin 'yar Sarkin Fawa a ciki, wanda aka yi alkawarin haskawa ranar Juma'a.

Wata rana Nafi'u ya dafe kai ya ce, "Wallahi faifan nan ya yi nauyi." Ya tashi ya tafi masallaci. Kafin ya dawo Cindo ya zare faifan ya nufi mahauta, ya sa Sarkin Fawa da kansa ya ɗora shi a sikeli.

"Ƙarya kake masa, Nafi'u," in ji Cindo da ya dawo. "Ko tsokar miyar gwauro ta fi shi nauyi."

"Yaya, me ka ce wa Sarkin Fawa?"

"Gaskiya mana. Na ce 'yarsa na ciki, kwana uku ƙafarta ɗaya a sama. Ya ce a gaishe ka. Yana wasa wuƙa ya faɗa."

Wata rana Nafi'u ya kira wani Sagir, mai gyaran kwamfuta a birni. Sagir irin masu gyaran nan ne da ba su taɓa cewa ban sani ba. Ya ce zafi ne, a bar faifan ya sha iska. Cindo na gefe yana ji. Ya ɗaure faifan a bayan keke, tun hantsi ba a ƙara ganinsu ba sai la'asar, Nafi'u kuwa ya zaga gari kamar wanda akuyarsa ta ɓata.

"Ya sha," in ji Cindo. "Har bakin rafi na kai shi. Bai ce komai ba, amma na ga alamar ya ji daɗi."

Wata rana Sagir ya canza magana, ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga. Cindo ya garzaya kemis. Mai kemis ɗinmu, wanda bai taɓa mayar da ciniki ba, ya tambayi shekarun mara lafiya.

"Wata huɗu."

Sai ya ba shi maganin jarirai na ruwa. Nafi'u ya shigo ya tarar da yayansa riƙe da cokali, yana juya faifan yana neman baki. Da ƙyar aka raba su.

Wata rana, Alhamis ce, Sagir ya yanke hukunci: babu magani sai an wanke faifan. A yaren masu kwamfuta, wankewa ita ce a goge duk abin da ke ciki a fara daga farko. Aikin bikin ba damuwa, yana nan a katin kyamara. Inna ce ba ta da wani wuri. Ina shagon ranar, na ga idon Nafi'u ya kaɗa, ni ma tausayi ya kama ni har na rasa tsiyar da zan yi.

"Shi ke nan," ya ce. "In na yi azahar a wanke shi."

Yana juya baya Cindo ya kwashi faifan da igiyarsa ya shige gida. Muka same shi a gindin rijiya da bokiti da garin sabulu, kumfa har gwiwar hannu. Nafi'u ya saka salati. Amma faifan na kan turmi a bushe. Igiyar ce ta sha soso har cikinta ya fito.

"Da ita na fara," in ji Cindo. "Inna ta ce in za ka wanke rago, fara da igiyarsa, ita ke mayar masa da dauɗa."

Nafi'u ya fizge faifan yana huci. Ko gogewar ma ai sai da igiya, don haka ya tono gajerar nan daga kwali ya jona. Jama'a, amarya ta sauke ƙafa ta shiga rawa! Ashe doguwar igiyar ce muguwa tun farko. Sagir da aka kira ya ce dama ya yi zargin haka.

Nan take Nafi'u ya buɗe bidiyon sunan. Sai ga Inna da ɗankwalinta kore, jaririya a cinya, tana dariya da wushiryarta. Duk muka matso kusa. Can wata ƙatuwar ƙeya ta tare hoton, sai muryarta ta cika shago:

"Cindo, sakarai, fita ka ba mutane wuri!"

Cindo ya share ido da hannunsa mai kumfa.

"To, Inna," ya ce.

Ya cire hula, ya fita a hankali, ya tsaya bakin ƙofa yana jiran ta ce ya dawo.