Tafintan Cikin Kwamfuta

Wani mutum ne a kasuwarmu, Tasi'u Saiti, wanda ya sadaukar da rayuwarsa kaf ga ilimin kwamfuta. Ilimin ne dai har yau bai samu labari ba.

Injiniya ake ce masa. Shi ya fara kiran kansa haka, mutane suka ga ba ya cin kuɗi, suka bar masa.

Ranar zaɓen ƙungiyar 'yan yadi, sakatare Malam Jafaru ya wayi gari da nauyi a wuyansa. Takardun ƙuri'a da sunayen mambobi ɗari huɗu duk suna cikin kwamfutar ofis, kuma dole a buga su kafin la'asar. In ba haka ba, kujerarsa ce za ta amsa tambaya. Ita kuwa kwamfutar, in ka danna abu, sai ka je ka yi alwala ka dawo tana nan tana tunani.

Sai ga Tasi'u ya leƙo.

"Malam Jafaru, wannan ai azabtar da kai kake yi. Matsa."

"Injiniya, a hankali take, amma tana yi."

"Ka san ciwonta? Tafinta."

"Tafinta kuma?"

"Ka taɓa zuwa kotu? Alƙali ya faɗa, tafinta ya juya, mai laifi ya amsa, tafinta ya sake juyawa. Shari'ar minti biyar ta koma awa guda. To wannan na'ura a Sin aka haife ta. Da Sinanci take tunani. Duk abin da ka danna da Turanci sai an juya mata. A mayar da ita yaren uwarta, ka ga gudu."

Malam Jafaru ya yi digiri, ya kuma ji a jikinsa akwai rami a maganar. Amma agogo ya ce sha biyu ta wuce, ramin kuma bai nuna kansa ba.

"To in ta koma Sinanci, wa zai karanta?"

Tasi'u ya yi murmushin tausayi. "Wata shida na yi a Guwanzu, can ƙasar Sin. Har mafarki nake yi da Sinanci."

Ya zauna. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya shiga saiti, ya zaɓi wani rubutu mai da'irori da sanduna, ya kashe, ya kunna. Allo ya dawo fes, ba harafi ɗaya da ɗan Adam na kasuwar ya taɓa gani.

"Ka ga yadda ta saki jiki?"

"Ina takardun ƙuri'ar?"

"Haƙuri. Gaisawa muke yi."

Ya danna nan, ya danna can. Gumi ya fara tsattsafo masa a goshi, abin da Malam Jafaru ya ɗauka na ƙwazo ne. Mambobi sun fara taruwa a bakin ƙofa. Sai wani akwati ya fito a allo da maɓalli biyu.

"Me ta ce, Injiniya?"

Tasi'u ya kanne ido, yana motsa leɓe. "Cewa ta yi, 'Maigida, in ƙara gudu?'"

"Ce mata eh!" in ji jama'a.

Ƙwas! Wani akwatin ya fito. "Tana tambaya ko mun tabbata. Ladabi gare su." Ƙwas!

Lamba ta bayyana a allo. Kashi biyu cikin ɗari. Tara. Sha bakwai.

"Ga gudun nan yana hawa!"

Aka ɗauki kabbara. Wani ya miƙo masa lemo mai sanyi. A kashi sittin har an fara maganar a ba shi muƙami a sabon shugabanci.

A kashi tamanin Hajiya Kubura ta shigo. Shekararta goma sha biyu tana saro yadi a Guwanzu, har ciniki take yi da yaren. Ta gyara tabarau, ta dubi allon.

"Wa ya sa muku Koriyanci?"

Kowa ya juyo ya dubi Injiniya.

"Hajiya, ai Sinancin karkara ne," in ji Tasi'u.

Hajiya ta dube shi, ta ce da Sinanci, "Ni hau ma? Ni ciao shemma mingzi?"

Tasi'u ya kurɓi lemo. "Amin, Hajiya."

"Sunanka na tambaye ka, ɗan nan."

Ta ɗaga wayarta mai fassara, ta haska allon, ta miƙa wa sakatare. Malam Jafaru ya karanta a fili, a hankali, kamar mai sanar da rasuwa: "Ana share komai. Kada a kashe na'ura."

Tasi'u ya tuna bai yi azahar ba. Ya fita da sauri, takalmi ɗaya a ƙafa.

Da ɗaga hannu aka yi zaɓen. Malam Jafaru ya samu hannu uku, biyu nasa ne.

Amma a yi wa Injiniya adalci. Yanzu cikin daƙiƙa goma kwamfutar take tashi. Ba komai a cikinta.