Hita Da Mutanen Ɓoye

"…lafiya lau muka kwana, in ban da ganin ka. Sai yanzu ka ga damar zuwa, ango marar amfani?"

Haka Hajiya Sailuba ta tarbi jikanta Mika'ilu, mai gyaran famfo, a tsohon gidansu na Ƙofar Kibo. Ƙanwarsa Hanan ta dawo gida wankan jego, ga suna gobe, ita kuwa hitar da ya kafa musu a banɗaki ta daina ba da ruwan zafi tun jiya. Mai jego na ɗaki, jiki ya yi tsami.

"Ni fa zuwa na yi in ga ko kin cika, in kwashi gado."

"Za ka yi furfura kana jira. Wuce ka duba tukunyar tsiyarka."

Banɗakin yana can ƙarshen lungu, bayan ɗakin da ba wanda ya ƙara kwana a ciki tun rasuwar Malam, mijin Hajiya. Ko da hantsi duhu ne. Mika'ilu dai ƙato ne, amma da ya ga ƙwaryar nono a bakin ƙofa, an rufe da faifai, sai ya ja ya tsaya.

"Tsohuwa, wannan na waye?"

"Na masu wurin."

"Waɗanne masu wurin?"

"Rage murya, ɗan nema. Sun riga kakan kakanka zama a nan."

Ya shiga ya taɓa hitar, sanyi ƙalau kamar tulu. Akwai wuta a gidan, akwai ruwa a tanki. Ya ƙwanƙwasa cikinta sau biyu. Can ciki wani abu ya amsa, ƙwas, ƙwas. Ya ja da baya.

"Iska ce a bututu," in ji shi, ba tare da an tambaye shi ba.

"Iska kam. Ai ni ma abin da na ce ke nan."

"Ba irin taki ba!"

Ya haska wayarsa, sai ga ɗan siririn bututun da ke gefe an cusa masa tsumma, an ɗaure tam da zaren lilo.

"Wa ya yi wannan ɗanyen aikin?"

"Matarka, ni. Kan turmi na hau."

"Da wannan ƙafar taki kamar muciya?"

"Ita ta goya ubanka. Kai, wane marar kunya ne zai kafa abin da ke ɗigar da tafasasshen ruwa a ƙasan banɗaki, dare da rana, ba bisimilla? Shekara saba'in ban zubar da ruwan zafi a nan ba sai na ce a kauce. Shekaranjiya da kunnena na ji kukan jariri ta magudana. Ka ƙona musu ɗa, su kuma su huce a kan namu?"

Kukan jaririyar Hanan ya taso daga ɗaki. Ko dai daga ɗakin ne? Mika'ilu bai tsaya tantancewa ba, ya nuna bututun.

"Nan ne take numfashi, tsohuwa. Kin toshe mata hanci, ta kashe kanta. Da ba ta kashe ba, da ta fashe, yau ana neman haƙoranki a Tudun Jukun."

"Guda nawa suka rage? A bar musu."

Ya zare tsumman, ya tara bokiti a ƙarƙashi.

"To ga shi. Ba ɗigon da zai taɓa ƙasa."

"Yi bisimilla kafin ka kunna."

"Ni injiniya ne, ba na tsoron—"

Ya danna ɗan jan maɓallin da ke tayar da ita. Hitar ta ja wani dogon nishi, irin na tsoho yana juyi a kan tabarma.

Sai ga injiniya a tsakar gida, takalmi ɗaya a ƙafa, yana zuba bisimilla da ƙarfi har maƙwabta suka amsa da amin.

Kafin azahar tururi ya cika lungun, Hanan ta shiga da ganyen darbejiyarta. Hajiya tana dariya har da hawaye, ta kwance bakin zane ta miƙa masa ɓarin goro.

"Ungo, jarumina. Je ka ɗauko takalminka."

"Na bar musu," in ji shi. "Tukuici ne."