Rasuwar Gordita, Na'urar Ɗumin Gidan Oyarzún

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsun da sanyi ya hana riƙe biro da kyau, Don Nibaldo Oyarzún na unguwar Rahue a Osorno yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar na'urar ɗumama gidansu, wadda aka fi sani da Gordita. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Talata, tara ga Yuli, ana tsakiyar sanyin can kudancin duniya, bayan doguwar jinyar da ba wanda ya lura da ita, har da waɗanda ake biya don su lura.

Marigayiyar ta shigo gidan shekara huɗu da suka wuce, lokacin da aka ce hayaƙin itace ya ishi gari, kowa ya miƙa murhunsa a ba shi na'ura. Don Nibaldo ya miƙa nasu, aka toshe kafar hayaƙin. Mahaifiyarsa, Doña Eduvina, mai shekara tamanin da bakwai, ta yi kwana uku ba ta kula shi ba. Gordita ce ta sasanta su. Da an danna mata sai ta ce "tit-tit," ta buɗe baki a hankali, ta kama "huuum" ɗinta ba gajiya. Ba ta taɓa cewa a faskaro mata itace ba, ba ta taɓa barin wa kowa toka ba. Albarkacinta ne tsohuwa ta ci gaba da zama a gidan da ta yi shekara sittin a ciki, duk da nacin 'yarta Ximena na ta koma wurinta a Puerto Montt, can bene hawa na tara.

Kada wani ya ce an yi sakaci. Tun ranar farko Don Nibaldo ya sa hannu a kwantiragin kula da ita da wani kamfani, wanda ba za a ambaci sunansa a ranar jimami ba, ko da yake bakinsa ƙaiƙayi yake yi. Peso dubu casa'in duk shekara. Mai gyara kuwa sau ɗaya yake zuwa, a Janairu, rana na dukan ƙeya. Ya wanke matatar iska, ya ci kek ɗin tsohuwa yanka biyu, ya ce lafiyar Gordita ƙalau, ya kama gabansa.

Ga yadda ciwon ya samo asali. Rabin jikin marigayiyar a waje yake, akwati mai fanka da ke shaƙo iska. Doña Eduvina kuwa ba ta iya ganin abu tsirara cikin ruwan saman Osorno, ko butar shayinta da rigarta. Ta zauna ta saƙa wa akwatin rigar ulu cif-cif da jikinsa, har da maɓallai. A sa a Afrilu, a cire a Disamba a wanke a adana. Mai gyara bai taɓa ganin rigar nan ba. Don Nibaldo kullum sai ya gan ta, har hoto ya ɗauka ya tura wa Ximena yana yabon hannun mama. Baiwar Allah Gordita ta yi shekara huɗu tana numfashi ta cikin ulu. Maganarta ta ƙarshe ita ce "ƙarrr, ƙarrr, ƙas."

Sai da aka kwana biyar mai gyara ya iso. Ya tsaya a kan gawa, ya ɗaga hular kansa, ya ce, "Don Nibaldo, wa ya ce ku sa mata riga?"

"Wa ya ce kada mu sa?"

Ashe shafi na sha ɗaya na kwantiragin ne ya ce, da rubutun da sai an sa tabarau biyu. Shafin ya ƙara da cewa kwantiragin na dubawa ne, ba na gyarawa ba, kuma duk abin da toshe iska ya jawo ba ruwan kamfani. Masu tambayar Don Nibaldo ko kwantiragi yana da amfani, don Allah su bari ya huce. Abin da ya sani shi ne, da mutumin nan ya leƙo sau ɗaya tak a Yuli, da magana ɗaya ta wadatar. Haushin kamfani yana cinsa, haushin kansa ya fi.

Marigayiyar ta rasu ta bar rimot ɗaya da batir biyu sababbi, da kwantiragi mai sauran wata bakwai, da kyanwar da har yau take zama a ƙarƙashinta tana jira. Ta kuma bar Doña Eduvina da tari, cikin bargo uku. Sabuwar na'ura sai Oktoba, likita kuma ya ce ƙirjin tsohuwa ba zai iya jira a gidan nan ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma, idan mai sayen tsoffin ƙarafa ya zo da motarsa. Masu ta'aziyya su zo da rigunan sanyinsu, kuma kada su cire. Da ƙarfe uku Ximena za ta tafi da mama Puerto Montt. An gaya wa mama mako ɗaya ne. Don Nibaldo yana roƙon kowa, don girman Allah, kada a faɗa mata abin da ya kashe Gordita. Ita dai ta ce sanyi ne ya ratsa rigar, kuma ta riga ta fara saƙa wata mai kauri biyu, wai kafin ta dawo gida.