Shuɗin Biro a Zaman Makokin Hamidu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar sadakar ukun Hamidu, ko da na so in manta. Na sha gwadawa. Duk lokacin da na ɗauki biro mai shuɗiyar tawada sai abin ya dawo mini sabo, shi ya sa yanzu da baƙi kawai nake rubutu.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a, a sashen nazarin zamantakewa. Binciken da na zaɓa don kammala digiri shi ne yadda mutanenmu na Bagudo da bakin iyaka ke taɓa juna idan sun haɗu: musabaha, dafa kafaɗa, riƙe hannun aboki ana tafiya, mai da hannu ƙirji bayan gaisuwa. (Ni da na zaɓi wannan batu, ni ne mutumin da in ya hango taro daga nesa yake sauya hanya. Ina jin shi ya sa ma na zaɓe shi. Kallon gaisuwa ya fi mini sauƙi a kan yin ta.) Ina da littafi mai layi-layi da na tsara da rula: wa ya fara miƙa hannu, da hannu ɗaya ko biyu, sakan nawa aka yi ana riƙe da juna. Ba na tsallake gida ko ɗaya a cikin layukan, kuma ina alfahari da hakan.

Hamidu maƙwabcinmu ne, tare muka yi firamare. Shi ya bar karatu ya kama kabu-kabu tsakanin Bagudo da Illo. Duk ranar kasuwar Illo shi ke goya ni a babur ya ajiye ni gindin wata bishiya kusa da masu albasa, inda nake iya ganin mutane ba tare da sun lura da ni ba. Kuma bai taɓa barin tsokanata ba.

"Malam mai nazarin gaisuwa!" haka yake ce mini. "Kai da ka miƙa hannu kamar mai taɓa tukunya bisa wuta? Zo nan in gwada maka."

Sai ya damƙe hannuna ya ƙi saki, ya tambaye ni gida da gajiya da karatu da zafi, har sai na fara zufa. Sannan ya ce, "To, rubuta wannan."

Malamin da ke duba aikina ya karanta abin da na tara, ya ce ya yi kyau amma bai cika ba. Kasuwa da ƙofar masallaci kawai na duba. Ya ce in nemo wurin farin ciki da wurin baƙin ciki. Na samu wani bikin suna a unguwarmu na cike na farko. Na biyun ne ya rage, kuma saura mako biyu in miƙa aikin.

A cikin makon nan Hamidu ya kwanta da zazzaɓi. Kwana huɗu ya yi, Allah ya karɓi abinsa.

Na je jana'iza, na zauna makoki ranar farko da ta biyu, ban yi kuka ba. Ji nake kamar an toshe mini ƙirji da auduga. Amma a rana ta biyu na lura idona yana aiki da kansa: wannan ya ba da hannu biyu, wancan ya durƙusa, wancan ya daɗe. Da na koma gida sai wani tunani ya zo mini, wanda har yau nake jin kunyar faɗarsa: ga shafin da ya rage. Na ce wa kaina ai da Hamidu na nan dariya zai yi. (Haka nake yi in zan yaudari kaina, sai in sa maganar a bakin wanda ba zai iya musantawa ba.)

Na san ba a shiga zaman makoki da littafi. Na kuma san in mahaifin Hamidu ya gane cewa ƙirga baƙin cikinsa nake yi, to ƙofar gidan nan ta rufe mini har abada, gidan da na ci tuwo a cikinsa ba adadi. Mai hankali da nan ya tsaya. Ni kuwa sai na nemi dabara. Da safiyar ranar uku na zauna na ja layuka a tafin hannuna na hagu, huɗu a tsaye, shida a kwance, da rula. Na zaɓi biro mai ruwa, saboda shi ke kama fata ba sai an danna ba. Na ari babbar rigar Kawu Sa'idu, ƙanin mahaifiyata da ya raine ni, don in riƙa ɓoye hannun a ƙarƙashinta. Kawu har ya yaba mini, ya ce na fara sanin girman taro.

Bazara ce, zafi kamar ana hura wuta. An kafa rumfa a ƙofar gidan. Baba Nomau, mahaifin Hamidu, yana zaune a tabarma ya jingina da bango, da farar riga da farin gemu. Manomin shinkafa ne, mutum marar yawan magana. Jama'a na ta zuwa daga Illo da Lafagu, wasu daga ƙetaren iyaka, wannan ya yi gaisuwa da Hausa, wancan da Dandanci. Kowa ya durƙusa ya ba shi hannu, a yi masa ya haƙuri, liman ya ja addu'a, a shafa. Ni kuma ina gefe, ina ƙirga sakan a zuci, in sa hannu ƙarƙashin riga in rubuta. Har shafa addu'a na yi wa tsari: da hannun dama kawai nake shafawa, na hagun ya tsaya nesa da fuska. Kafin azahar gidajen tafin hannuna sun kusa cika.

Sai Baba Nomau ya ɗago kai ya dube ni.

"Ɗan gidan Sa'idu, matso nan."

Na ja gwiwa na matsa gabansa, na miƙa hannun dama. Shi kuwa sai ya kamo duka biyun, ya haɗa su cikin nasa. Tafinsa duk kanta, mai kaushi kamar bayan icce, amma da ɗumi. Kuma ni, Allah ya yafe mini, sai na fara: ɗaya, biyu, uku.

"Kwana na uku da ciwon," in ji shi a hankali, "ya ce a faɗa maka kada ka tahi Illo da wani ɗan kabu-kabu. Ka jira shi shi warke. Ya ce sauran ba su san iccen da kake zama ba."

Ina wajen ashirin da wani abu lissafin ya ɓace mini. Audugar nan da ta toshe mini ƙirji kwana uku ta fice gaba ɗaya. Na yi kuka irin wanda ban taɓa yi a gaban mutane ba, shi kuma bai saki ba. Zufa ta jiƙa hannuwanmu. Ban san tsawon lokacin da muka yi haka ba, kuma wannan shi ne karo na farko cikin wata uku da zan iya faɗar haka game da wata gaisuwa.

Liman ya ɗaga murya da addu'a. Baba Nomau ya sake ni, ya dafa ƙirjinsa, ya ɗaga hannuwa. Da aka ce a shafa, na manta da duk wani tsari. Na kifa tafuka biyu a fuskata na goge sosai, don in share hawayen.

Da na buɗe ido sai na ga duk rumfar ta zuba mini ido.

"Kai!" in ji Kawu Sa'idu. "Mi ya samu huskakka?"

Ban ga fuskata ba, amma na ga ta Baba Nomau. Farin gemunsa ya yi shuɗi daga leɓe har ƙasa. A ƙirjin farar rigarsa ga shatin yatsu. Dattijon da ya binne ɗansa shekaranjiya yana zaune a gaban baƙinsa kamar wanda ya faɗa marina, kuma bai ma sani ba.

Liman ya kamo wuyan hannuna na hagu ya juya shi sama. Tawadar ta caɓe, amma layukan rula na nan, da sauran lambobi a cikin gidajensu. Wani mutum daga baya ya leƙo ya ce, "Wanga ai hatimi na!"

Maganar ta zagaye rumfar nan take. Hatimi, irin zanen gida-gida da ake yi don asiri, a tafin hannun yaro, a gidan mutuwa, kuma an shafa wa mahaifin mamaci. Na ga mutane na ja da baya. Gaskiya zan faɗa: na ɗan yi tunanin in bar su a haka. A lokacin gani nake mai asiri ya fi abin da nake mutunci, don shi aƙalla ya san da mutum yake yi.

Amma Baba Nomau ya duba hannunsa, ya dube ni, ya ce, "Ɗana, mi ne na wanga?"

Na faɗa. Kaina a ƙasa, na ce aikin makaranta ne. Na ce ina ƙirga tsawon lokacin da kowa ya riƙe hannunsa.

Kawu ya miƙe tsaye. "Makokin abokinka ka maida aji? Cikin rigata? Tashi mu tahi, ka gama kunyata mu."

"Zamna, Sa'idu," in ji Baba Nomau. Ya ce a kawo buta da sabulu. Ina jin kukan tantabaru a kan soro. Na tabbata korata ce ta zo, kuma na san na cancanta.

Da aka kawo butar sai ya jawo hannuna na hagu ya ɗora a kan gwiwarsa, ya fara zuba ruwa yana murzawa da babban yatsa. Bai fara da gemunsa ba.

"Hamidu ya gaya min abokinai na karatun gaisuwa," in ji shi. "Na ɗauka ba'a ce. To, wa ya fi daɗewa?"

Na ce wani dattijo ne da ya zo daga ƙetaren iyaka da hantsi.

"Mi ka rubuta?"

"Na rubuta ya riƙe hannunka sakan hamsin da biyu."

Ya girgiza kai. "Ka yi kuskure. Tun da wuri ya so shi saki, ni na hana. Bara ya binne nashi ɗan. Da na kama hannunai na ji ya san abin da nika ji, sai na riƙe." Ya ƙara zuba ruwa. "Duk wanda ka ga ya daɗe yau, ni na riƙe shi. Su sun zo su gaishe ni su wuce. Ni na san wanda nika iya jingina gare shi."

Wata uku ina cike gida-gida, ban taɓa tanadar gidan wanda ya hana saki ba. Daga nesa ba a ganin wannan. Sai hannunka na ciki.

"Kai fa," ya ce, "nawa ka rubuta ma kanka?"

Na ce lissafin ya ɓace mini.

"To shi kaɗai ka yi daidai yau." Ya miƙo mini butar. "Wanke huskar nan, ka yi kama da dodon gona."

Wani ya yi 'yar dariya ya haɗiye ta. Liman ya ce a yi wa Annabi salati, aka yi, zaman ya ci gaba.

Tawadar ta fita daga hannuna a ranar, amma gemun Baba Nomau sai da ya kwana uku da sauran shuɗi. Masu zuwa ta'aziyya suna gani su kau da kai, shi kuma bai yi wa kowa bayani ba. Kawu ya yi mako guda bai amsa gaisuwata ba, rigarsa ma sai da na wanke ta sau biyu. A unguwa kuwa har yau akwai masu kirana Mai Hatimi.

Na miƙa aikin ba tare da shafin makoki ba. A wurinsa na rubuta sakin layi ɗaya, ba lamba ko ɗaya a ciki, na ce mai kallo daga gefe ba zai iya sanin wanda ke riƙe da wani ba. Malamina ya ja masa layi da jan biro ya rubuta, "Ina hujja?" Makina ya ragu. Ban je na yi masa bayani ba, don hujjar ta bi ruwan buta.

Yanzu duk lokacin da na je gida, gidan Baba Nomau nake fara zuwa. In na durƙusa na miƙa hannuwa, sai ya juya na hagun ya duba tafin tukuna, ko da mutane na wurin. "Yau ba a zo da aji ba?" Sannan ya riƙe.

Abin da na koya bai da yawa, kuma bai kai a ba mutum digiri a kansa ba: in za ka je makoki ka bar biro a gida, kuma kada ka zama wanda zai fara janye hannu. Ƙirgar kam ban daina ba, hali ne. Da ya kama hannuna nakan ji kaina na fara, ɗaya, biyu, uku. Sai dai yanzu ina barin lissafin ya ɓace.