Ɗana Mai Ƙwaƙwalwa Biyu

Jama'a, yau ko tsoka ɗaya ban sayar ba. Ni Mode mahauci na Ƙofar Dundaye, tun da hantsi na zura rigar Sallah na nufi makarantar boko, don an yi shela cewa yau za a faɗi sakamakon jarrabawa, a raba yara aji-aji gwargwadon ƙwaƙwalwarsu. Ashe rabon tun daga bakin ƙofa yake farawa. Wani masinja ya bi kawunanmu da kallo. Masu rawani ya kai su inuwar durumi ya shimfiɗa musu tabarma, mu masu hula ya jera mu jikin katanga. Har azahar ina tsaye a rana, riga ta jiƙe sharkaf.

Za ku ce me ya kai mahauci makaranta? To, ba ni na kai kaina ba. Shekara biyar da suka wuce Nasara suka ce kowane babban gida ya ba da yaro ɗaya a koya masa boko. A lokacin ana ta raɗe-raɗin cewa yaron da ya shiga ya fita daga hannun iyayensa ke nan. Sai Mai Babban Zaure, Allah ya ƙara wa rawaninsa tsawo, wanda tun zamanin ubana mu ke kai nama gidansa, ya aiko a kira ni.

Ya ce, "Mode, kai namu na. An ce in ba da Ladan. Ɗanka Ƙasimu ai sa'anai na. Shi tahi madadinai."

Na ce, "Ranka shi daɗe, in anka tambayi sunanai hwa?"

Ya ce, "Shi ce Ladan. Suna ai ba ciwo shika yi ba."

Na yi godiya, don a zauren nan ba a fita sai da godiya. Matata Hajjo ta yi kwana uku tana kuka.

Abin mamaki, yaro ya shiga ya kama abin da hannu biyu. Ba a yi wata shida ba ya fara karanta mana rubutun jikin garwar kananzir. Ya zana mana gulbin Rima a tsakar gida da tsinke, har da inda ya karkata. Kowace shekara shi ne na ɗaya, a kira Ladan, Ƙasimu ya miƙe. Ladan na gaskiya kuwa yana gida yana kiwon tantabaru, yana cin naman da nake kaiwa.

Sai duniya ta juya. Aka ga waɗanda suka gama bokon sun zama malaman ofis, suna yawo a kan keke, har manya na gaishe su. Nan da nan masu zaure suka tuna cewa su dama tun kakanninsu masoya ilimi ne.

Mu dawo yau. Baturen da ke bisa kujera, Mai Girma Uban Alli, watansa uku a garin nan, Hausarsa ba ta wuce "sannu" ba. Baturen da ya gada, wanda ya san fuskokin yaran, an ɗauke shi tuni. Kunnensa da bakinsa shi ne Malam Tafinta, mutumin kirki, wanda kullum a Babban Zaure yake cin tuwo. Ya bayyana mana tsarin. Ajin alƙalami na masu kaifin basira ne, su za a kai babbar makaranta can gabas. Ajin tsakiya su zama masu kai takarda. Ajin hannu kuma su koyi sassaƙa da jima.

Aka ce na ɗaya, Ladan ɗan Mai Babban Zaure. Ƙasimu ya yunƙura zai tashi, Malam Tafinta ya dafa masa kafaɗa ya mayar da shi ƙasa. Sai ga Ladan na gaskiya ya fito daga inuwa cikin sabuwar riga, ya karɓi littafin kyauta, ya riƙe shi a juye, kan littafin a ƙasa. Bature ya yi murmushi ya faɗi wata magana. Tafinta ya ce wai tun daga goshin yaron ya gane, irin wannan basira a jini take.

Ban san lokacin da na bar jikin katanga ba. Na ce, "Malam, wanga yaro hwa? Shi yay yi karatun!"

Tafinta ya buɗe littafin sunaye ya duba sama da ƙasa. Ya ce, "Babu Ƙasimu nan ciki. Amma Bature adali na, za a gwada shi awa sabon shiga."

Aka tambayi sana'ar ubansa, aka ce fawa. Aka juya tafin hannunsa aka duba. Aka miƙa masa littafi, ya karanta shafi guda bai ko haɗiyi yawu ba. Tafinta ya raɗa wa Bature wani abu, Bature ya girgiza kai cikin tausayi ya rubuta. Hukunci ya fito: yaron hadda kawai ya iya, ba shi da kan karatu, a kai shi ajin jima. Wai ɗan mahauci da fata, an yi dace.

Ni kam na sara wa wannan ma'auni. Shekara talatin ina latsa kwiɓin shanu a kara, ban taɓa ganin sa ɗaya ya zama mai ƙiba a hannun attajiri, ramamme a hannun talaka, duk a wuni ɗaya ba. Sai boko. Da na ba maƙwabcina Dodo dillali labari, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Kai Mode, gode Allah! Ɗiyan mutane ƙwaƙwalwa guda ag gare su, naka biyu. Ɗaya ta ci, ɗaya ta hwaɗi."

Na taya shi dariyar, amma ba ta kai ciki ba. Don a hanyarmu ta dawowa, da muka zo ƙofar gida, Ƙasimu ya ce, "Baba, shekara biyar ɗin nan, wa yay yi su?" Wallahi na fi son a ce sa ya take ni da in ji wannan tambayar. Sai na shige ciki.

Bayan la'asar sai ga ɗan aike daga Babban Zaure. Wai Mai Zaure ya ji raina ya ɓaci, kuma shi ba ya manta nasa. Saboda haka ya yarda Ƙasimu ma ya tafi babbar makarantar. Zai ɗauki akwatin Ladan, ya yi masa wanki, ya zauna a gindin tagar aji, in an tashi kuma ya riƙa tuna wa Ladan abubuwan da Ladan ya sani.

Na buɗe baki zan faɗi abin da zai raba ni da kai nama gidan har abada, sai Ƙasimu ya riga ni. Ya tambayi ɗan aiken, "Tagar, ana jin muryar malami daga wurin?" Aka ce ana ji sarai. Ya ce zai tafi.

Don haka ku taya ni murna, jama'a, kuma kada in ƙara jin wani ɗan baƙin ciki ya ce ɗan talaka ba ya zuwa babbar makaranta. Yana zuwa mana. Ga Hajjo can tana naɗa masa gammo.