Jikan Direban Jirgi a Hatta

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a da na yi a Hatta ba, duk da Allah Ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Kafin korona ne, lokacin ina aiki a wani kamfanin jigilar manyan kaya a Dubai, irin kayan da ba sa shiga kwantena: taransifoma, tankuna, injinan masana'antu. Ni dai aikina na takarda ne. Shekara huɗu ina cika fom ina buga hatimi, ina kallon abokan aikina suna fita da hular kwano da rediyon hannu ana kiransu supabaisa. Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Burina ɗaya ne a duniya, a ba ni aiki guda in jagoranta, in rabu da kujerar ofis.

Sai ga wani aiki da ba mu taɓa ganin irinsa ba. Wani dattijon Balarabe mai gona a Hatta, wani gari cikin duwatsu can bayan Dubai, ya sayo tsohon kan jirgin ƙasa daga waje, irin mai aiki da kwal da ruwa, na zamanin kakanni. Ya shimfiɗa layin dogo a gonarsa, daga bakin ƙofa ya haura jikin dutse, don masu zuwa hutun ƙarshen mako su riƙa nuna wa 'ya'yansu yadda jirgi yake a da. Namu shi ne mu ɗauko kan jirgin daga tashar jiragen ruwa mu kai masa.

Manaja ya tara mu ya nuna hoton, ya ce, "Wa ya san wani abu a kan irin wannan?" Kowa ya dubi na kusa da shi. Ni kuwa sai kawai na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Yallaɓai, kakana direban irin wannan jirgin ne a Kano. Mu da jirgi gado ne."

(Bari in faɗa muku gaskiya tun yanzu. Kakana ya yi shekaru a tashar jirgin Kano, wannan babu ƙarya. Shayi yake sayarwa a bakin ƙofa, direbobin jirgi kuma abokan cinikinsa ne. Ni kuwa ko hayaƙin jirgin kwal ban taɓa shaƙa ba, an daina amfani da su ina ɗan mitsitsi.)

Manaja ya dafa kafaɗata. "Khalas, magana ta ƙare, habibi, aikin naka ne. Idan ya tafi daidai, ka bar ofis ke nan."

Da yamma na koma gidanmu a unguwar International City ina tafiya ina buɗa hannu kamar an ba ni minista. Matata ta tambaye ni me na sani game da jirgin ƙasa. Na ce mata waɗannan abubuwa a jini suke. Ta dube ni ta ce, "Allah Ya kyauta," ta koma kan tukunyarta.

Shugaban masu ɗaure kaya a kamfanin wani tsoho ne ɗan Kafanchan, muna kiransa Baba Danladi. Mutum ne mai furfura, mara yawan magana, wanda in ya ɗaure kaya da sarƙa ko girgizar ƙasa ba ta motsa shi. Shi da ni kaɗai ne ke jin Hausa a wurin, don haka muna ɗasawa, yana ce mini Oga duk da a haife ya haife ni.

Ranar Alhamis muka je lodi. Da na ga abin ido da ido, sai da na ja da baya. Ƙaton baƙin ƙarfe ne, ƙafafunsa sun kusa kai tsayina, ga bututun hayaƙi a gaba, ga ɗakin direba da rumbun kwal a baya. Kiren biyu, wato manyan injinan ɗaga kaya, suka ɗaga shi sama. Sai na lura Baba Danladi yana yi wa masu kiren alama su ajiye shi a kan tirela hancinsa yana kallon baya.

Na daka tsawa na ce a tsaya. Ni a raina na riga na tsara bidiyon da zan ɗauka: jirgi yana ratsa titunan Dubai kansa a gaba, ni kuma ina gefe da rediyo a hannu. Wa zai kalli bidiyon jirgi yana tafiya da ƙeya?

"Baba Danladi, a ina ka taɓa ganin an ɗauki babba yana kallon baya? Ko rago ka sa a mota ai gaba yake kallo."

"Oga, kaya ta bayan tirela yake sauka," in ji shi. "Ka je ka ga wurin da za a sauke shi?"

"Na gani." (Na gani ɗin, a taswirar waya, ina kwance a kan kujera. Ka'idar aiki ita ce mai jagora ya je da ƙafarsa, amma Hatta da nisa, ga zafi.)

"Oga, ka tabbata?"

"Haba Baba! Kakana fa..."

Bai bari na ƙarasa ba. Ya zaro takardar tsarin lodi daga aljihu ya miƙo mini da biro. "To, Oga. Sa hannu a nan." Na rattaba hannu har da ƙawa. Aka juya jirgi, aka ɗaure, aka rufe shi da tampol saboda mai shi yana so a yaye a gaban baƙinsa. Wato ma bidiyon da na yi duk wannan rigima dominsa, tampol kawai zai nuna. Ko wannan bai sa na farga ba.

Da safiyar Juma'a muka kama hanya, motar rakiya gaba da baya, muna tafiya kamar masu rakiyar amarya. Ni ne a gaban mota ina ta danna rediyo ina cewa "shwaiya, shwaiya", wato a hankali, ga direban da ya fi ni shekara ashirin a kan titi. Na aika hotuna zauren danginmu na waya, ƙannena suna ta turo addu'a. Muka bar gari, muka bar yashi, duwatsu suka fara bayyana.

Hanyar shiga gonar siririya ce, katangar dutse a gefe ɗaya, itatuwan dabino da magudanar ruwa a ɗaya gefen. Babu wurin juyawa, dole tirela ta shiga da baya tun daga mahaɗa. Direba ya yi ta lallaɓawa har bayan tirelar ya haɗu da bakin layin dogo. Can gefe an kafa rumfa, an shimfiɗa dardumai, baƙi sun cika cikin fararen kaya, ga gahawa da dabino, ga turaren wuta yana tashi. Dattijon mai gona yana tsakiya da 'yar sandarsa, fuskarsa kamar ta ango. Manaja ya gabatar da ni gare shi da cewa ga masanin da ya gaji jirgi daga kakansa. Na ɗan sunkuyar da kai irin na masu tawali'u.

Aka yaye tampol. Aka yi tafi. Ni ma na yi, har na fi kowa.

Sai tafin ya fara raguwa. Dattijon ya dubi dutse, ya dubi jirgi, ya sake duban dutse. Na bi idonsa da kallo, nan take na gane. Abin da ke fuskantar layin da ya haura dutse rumbun kwal ne. Hancin jirgin, da fitilarsa da bututunsa da duk kyansa, yana kallon ƙeyar direban tirela. Idan aka gangaro da shi haka, zai zauna a layin nan har abada ya juya wa dutse baya, don babu abin juya jirgi a gonar, kuma kiren ba zai iya shigowa wannan lungu ba.

Mai hankali a nan zai yi shiru. Ni kuwa na gyara murya.

"Ya Hajji, ai babu matsala. Jirgi yana tafiya gaba, yana tafiya baya. Duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne," in ji wata murya daga bayana.

Baba Danladi ne. Dattijon ya yafito shi da sanda. Cikin Turancinsa da ɗan Larabcin da ya tsinta a wurin aiki, yana kwatance da gorar ruwa a hannu, ya bayyana cewa wutar jirgi a baya take, kuma dole ruwan tukunya ya rufe saman murhun a kowane lokaci. Idan jirgi ya hau tudu da baya, ruwan zai gangara gaba ya bar murhu a bushe, ƙarfe ya ƙone, tukunya ma tana iya fashewa da mutane a kai.

"A ina ka san wannan?" dattijon ya tambaya.

"Babana ne mai zuba kwal a jirgi, a Kafanchan. A kwatas ɗin reluwe aka haife ni."

Na matsa kusa da shi na ce da Hausa, murya ƙasa-ƙasa, "Baba, don Allah me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Ya ce, "Oga, ina ɗan mai zuba kwal zai yi musu da jikan direba?"

Dattijon ya juyo gare ni. Babu fushi a fuskarsa, kuma wallahi da ya yi fushin da ya fi mini sauƙi. "Ya waladi, ɗana, kakan naka, wane aiki yake yi a jirgi?"

Na dubi Manaja, ya ɗauke kai. Na dubi ƙasa ko za ta tsage, ta ƙi.

"Shayi, ya Hajji."

"Shayi?"

"Da burodi."

Ban taɓa sanin dattijo mai sanda zai iya dariya har ya zauna a ƙasa ba sai ranar. Baƙi suka ɗauka, aka fassara wa waɗanda ba su ji ba, su ma suka ɗauka. Da ya share hawaye sai ya ɗauko butar gahawa ya danƙa mini. "Yalla, to yi mana aikin gado." Haka na bi baƙi ɗaya bayan ɗaya, da hular kwano a kaina da rediyo a ƙugu, ina zuba gahawa. Ita ma ban iya ba. Na riƙa cika musu kofi fal, ashe a wurinsu ɗan kaɗan ake zubawa, cika kofi yana nufin ka sha ka tafi. Wato bayan na kawo wa mutum jirgi a juye, na kuma kori baƙinsa da hannuna.

Jirgi dai bai sauka ranar ba. Aka fitar da shi zuwa wani fili a bakin babban titi, ya jira har aka samo kiren bayan hutu, aka juya shi yadda Baba Danladi ya so tun farko. Shi ya jagoranci saukewar, shi kuma dattijon ya gayyata ya hau ranar da aka fara hura wuta. Na ji an ce Baba Danladi ya yi hawaye da jirgin ya yi kuka. Ni ban gani ba, ina ofis. Manaja bai kore ni ba, bai ma yi mini faɗa ba. Ya dai ajiye mini hatimina a kan tebur ya ce, "Ya yi kewarka, habibi." Har na bar kamfanin ban sake riƙe rediyo ba, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don na san ni na yi wa kaina.

Na koyi abu biyu. Na farko, kafin a ɗora kaya, a je da ƙafa a ga inda zai sauka. Na biyu kuwa, wanda ya fi amfani, duk ranar da shaiɗan ya sake raya mini in ƙara wa kakana muƙami, zan fara juyawa in tambayi na kusa da ni aikin babansa.